Hayaƙin Da Ya Bi Mu Har Gida

"Kwaso su, Safiyyah. Yau za a mayar musu da kayansu."

Abba ne tsaye a ƙofar ɗakina, yana nuna akwatunan lefen da dangin Suhaib suka kawo daga Gyaɗi-Gyaɗi. Daga ɗakin Umma kuwa tari ne ke tashi, irin wanda ke sa mai ji ya dafe nasa ƙirjin.

"Abba, me ya yi?"

"Kabir ya gaya min komai. Ashe aikinsa leƙen gidajen mutane ne daga sama, yana kallon matan aure a tsakar gida ba mayafi."

Kabir manajan Abba ne. Tun da na ce ba na son sa yake neman inda zai ɓullo mana, ga shi ya samu.

Shi kuwa Suhaib a wata cibiyar bincike yake aiki, suna bin sawun hayaƙi a hotunan tauraron ɗan'adam. Mota ma da ƙyar ake gane ta a hoton, balle mace. Laifinsa ɗaya: ya nuna wa Abba wani baƙin hayaƙi da ke tasowa daga bayan Unguwa Uku, iska ta kwaso shi ta shimfiɗa a kan Tarauni, daidai layinmu. Tushensa filin Abba ne, inda ake ƙona tsofaffin tayoyi a cire wayar ciki.

Na kira shi ina kuka.

"Masoyi, da ka yi shiru har a ɗaura..."

"Da na yi shiru, wa zai ceci Umma? Sahibata, ki roƙe shi ya kashe wutar nan, ko ya ɗauke ta daga gidan. Ƙirjinta ba zai jure ba."

Na roƙa, har da durƙuso. Abba ya ce sanyi ne kawai ya kama ta. Kabir, sarkin neman gindin zama, ya kawo wani magani, aka zuba a garwashi, aka lulluɓe ta ana turara ta. Wallahi ranar na tsani kowa, har da kaina.

Umma ta rasu ranar Laraba da hantsi, kanta a cinyata.

"Buɗe taga..." shi ne abin da ta ce min na ƙarshe.

Tagar a buɗe take.

Aka rufe filin saboda zaman makoki. Kafin a yi sadakar bakwai, farar rigar da na shanya ta bushe fara tas. Maƙwabciyarmu Inna Kulu ta ce, ba da wata manufa ba, "Ikon Allah, 'yan kwanakin nan jikata ta daina tari."

Abba yana bakin ƙofa. Ya ji.

Da Suhaib ya zo ta'aziyya, Abba ya shigo da shi falo, ya sa aka kira ni.

"Nuna min hoton nan."

Suhaib ya buɗe kwamfutarsa. Hoto biyu ne. Na watan jiya, Tarauni a ƙarƙashin baƙin hayaƙi. Na ranakun makoki, rufin gidaje fes.

"Ina gidana a na farkon?"

Suhaib ya ɗora yatsa a tsakiyar baƙin.

"Ban ga kowa a tsakar gidan ba."

"Ba a ganin kowa, Abba."

"Amma tana nan," in ji Abba a hankali. "Matata Huraira tana nan a ƙarƙashinsa."

Ban taɓa ganin hawayen Abba ba sai ranar. Ya sallami Kabir, ya ce ba za a ƙara kunna wuta a filin ba, sannan ya dubi Suhaib.

"Ka ce wa iyayenka su dawo da kayan, in za su iya yafe min."

Aka ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Ranar kai amarya, Gwaggo Bilkisu ta kama hannuna ta shigar da ni ɗakin Umma in yi sallama, kamar yadda ake yi wa kowace amarya. Ba kowa sai gadonta a gyare. Iska ce mai daɗi ke shigowa ta tagar, irin wadda ta yi ta nema ba ta samu ba.

"Taso, 'yata, motoci na jira."

"Gwaggo, ku bar mata tagar a buɗe."