Sirrin Femke

"Ki dube ni nan, Lieke! Kin san 'yata ko ba ki san ta ba?"

Mahaifiyar Wouter ce ke tambayar, a tsakiyar falo. Dangin Wouter na zaune a da'ira, kowa da kofin kofi da yankan kek, ana bikin ranar haihuwar mahaifiyarsa. Yau ne ya fara kawo Lieke gidansu tun da ya sa mata zoben alkawari.

Ɗazu ta bi da'irar tana miƙa hannu tana taya kowa murna, har ta iso kan ƙanwarsa Femke. Nan take Lieke ta gane ta. Wata huɗu ke nan Femke na zuwa ofishinta duk Talata neman shawara kan damuwar da ke ranta, tana kuka; da sunan mijinta take zuwa, shi ya sa Lieke ba ta san ƙanwar Wouter ba ce. Lieke ta gaishe ta kamar baƙuwa, don ƙa'idar aikinta ke nan: ba ta nuna ta san mai zuwa wurinta a gaban mutane.

"Mama, ba na maganar aikina a waje," Lieke ta ce a hankali.

Saskia, tsohuwar budurwar Wouter da har yau uwar ke gayyata, ta yi dariya.

"Su likitar zuciya manya! Ni da idona na ga Femke ta jingina kekenta a ƙofar ofishinki. Sau uku!"

"To sai me? Gadin titi aka ba ki?" in ji Lieke.

"Kin ji ta ko!" uwar ta dire kofi. "Ta gama kwashe sirrin gidana, sannan ta shigo tana mana sumumu!"

Femke dai kanta na ƙasa.

Wouter ya ja Lieke zuwa kicin.

"Masoyiyata... ni ne fa. Ƙanwata ce, duk ta rame. Mijinta ne? Kalma ɗaya kawai."

"Ba zan ce e ba, ba zan ce a'a ba."

"Ko ni?"

"Ko kai, zuciyata."

Fuskarsa ta canza.

"Wallahi ke dutse ce! Zan aure ki, ki dinga kallon ƙanwata a teburina kina ɓoye min? Ki zaɓa yanzu!"

Ta dube shi. Shekara biyu tana son mutumin nan...

Ta zare zoben, ta ajiye kusa da tukunyar kofi.

Tana kwance sarƙar kekenta a cikin yayyafi ta ji taku a bayanta. Femke ce, ko rigar sanyi babu.

"Me ya sa ba ki faɗa ba? Da kin huta!"

"Ba maganata ba ce."

"To... Talata?"

Lieke ta girgiza kai.

"Ba zan ƙara ganinki ba, Femke. Na shiga gidanku, bai halatta ba. Gobe zan haɗa ki da abokiyar aikina, tana da kirki."

"Kin rasa shi, ni ma kin kore ni!"

"Na sani."

Femke ta goge fuska, ta juya ta dubi tagar falon.

"Zan faɗa musu da bakina. Ki jira, Wouter zai fito."

Zai fito, Lieke ta sani. Kuma wata rana zai sake tambayarta sirrin wani.

Ta hau kekenta.