Bikin Mardiya Ba a Gida Ba

"Gidan wa kake shiga a unguwar Ma'adi?"

Mu'tasim ya ajiye kofin shayi. Mardiya ba ta ko zauna ba.

"Habibti, zauna mana..."

"Sulafa ta ce mace ka ajiye!"

Ita Sulafa ta daɗe tana son Mu'tasim, kowa a Hayyin Ashir, inda suke zaune a Alƙahira, ya sani. Ana cewa masoya ba sa ɓoye wa juna komai. Mai faɗin haka bai taɓa son tafinta irin Mu'tasim ba.

"Na bi ka jiya," in ji Mardiya. "Ban ga mace ba. Maza na gani cikin jallabiya, amma tafiyarsu ta sojoji ce. Me kake fassara musu?"

"Na dafa Alƙur'ani ba zan faɗa ba, Mardiya."

"To me ya sa ka dage a ɗaura aurenmu a nan? Yaya Harun ya ce raini ne, a ƙofar gidan uba ake ɗaura aure. Ya ce in ka sake faɗa, khalas, an fasa!"

"Ina so Innarki ta ga Alƙahira."

"Inna da ko mota ba ta so?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta tsura masa ido. Sojoji a ɓoye. Garin iyayenta a bakin iyaka. Da mutumin da ke ta roƙon a kwaso danginta kaf kafin damina...

Ta zauna.

"Ta garinmu za su shiga da yaƙi."

"Ban ce ba."

"Ba ka ce ba, masoyina. Kafin damina?"

Bai ɗago ba.

"Maƙwabta fa? Jirgi ba zai ɗebe su ba."

"Naki kawai zan iya, wallahi. Ma'alish, ki yi haƙuri..."

Ta ciro waya.

"Yaya? Mu'tasim ya janye maganar Alƙahira... A'a, ba a gida ba. A ƙauyen Kaka, can cikin ƙasa. Ni na ce! Gidanta ai gidan uba ne. Kuma duk unguwa nake gayyata, da tsofaffi da jarirai. Wanda bai zo ba, na yafe shi har abada."

Harun ya yi dariya har Mu'tasim na jiyowa. "Amarya ta haukace! To, an gama."

Ta kashe wayar.

"Bikin kwana nawa ne zai riƙe mutane har damina?" Mu'tasim ya tambaya a hankali.

"Ba ka san 'yan unguwarmu ba. In dai akwai tuwo, sai an kore su. Yalla, tashi mu sayo lalle."