Kada A Goge

"Wayyo ni! Me kika yi?!"

Soson ya suɓuce daga hannun Nives ya faɗa bokiti. Ta waiga. Wani dogon mutum ne a bakin ƙofa, gashi buzu-buzu, ya ɗora hannu biyu a ka kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Allo na wanke..."

"Wata uku! Aikin wata uku ne a jikin allon nan!"

"To ai ba ka rubuta ba."

"Ban rubuta me ba?"

"Kada a goge. Kowa a gidan nan yana rubutawa, har tsohon farfesan da bai iya ɗaure igiyar takalminsa ba."

Gaskiyarta. A wannan cibiya ta bakin teku a Trieste ta ƙasar Italiya, inda masu manyan kawuna suke taruwa su yi ta kallon allo ana biyansu, doka ɗaya ce tsakaninsu da mu masu shara. In ka rubuta a kusurwa kada a goge, ko shekara goma za a yi ba mai taɓawa. In ba ka rubuta ba, ruwa da soso.

Dakta Tullio bai rubuta ba. Bai kuma taɓa ganin ƙarfe shida na safe da idonsa ba sai ranar, shi ma don jirgin Roma zai kama ya biyo ɗaukar takardu. Ya kalli allon yana sheƙi, ya kalli Nives, ya fita.

Ta wuni tana jiran takardar kora.

Bayan kwana uku, a kusurwar allon ta ƙasa, ta tarar da rubutu da alli:

"Akwai kuskure a layi na biyu, wata uku ina gini a kansa. Kin cece ni. Ya sunanki?"

Ta sake karantawa. Sai ta ɗauki alli.

"Nives. Ka daina zuba tokar sigari a kofin gahawa."

Daga nan fa aka ɗora.

Ita tana shiga ƙarfe shida ta fita tara. Shi sai sha ɗaya yake shigowa yana hamma. Ɗaki ɗaya, kujera ɗaya, amma ba sa haɗuwa, kamar rana da wata. Kullum ta karanta nasa, ta wanke kusurwar da jiƙaƙƙen soso, ta rubuta nata.

Littafi yake rubutawa, wai don irinmu su gane abin da ya sa duniya take yadda take. Shi a faɗarsa sararin nan da muke ciki saƙa ce kamar ragar masunta, ƙulli-ƙulli, sai dai ido ba ya gani. Lokaci kuma wai ba kogi ɗaya ba ne, kowa da nasa. Babu wani "yanzu" da ya haɗa mutum biyu. Ni dai ban yi boko ba, amma na san mutumin da yake cin abincinsa a tsaye shi kaɗai a gaban taga dole ya ce haka.

"A ina kike kwana?" ya rubuta wata rana.

"Opicina, can kan tudu. Ni da mahaifiyata."

"Kash! Agogo ya fi sauri a kan tudu. Kina riga ni tsufa, 'yar kan tudu."

"Da nawa?"

"Bai kai ƙiftawar ido ba, ko da za ki shekara ɗari."

"To ka bar ni in ji da ciwon bayana."

Ranar nan tana tafe a taragon lantarki mai hawa tudu tana murmushi ita kaɗai, har wata tsohuwa ta matsa nesa da ita.

Shekarar Nives ashirin da tara. Tun rasuwar mahaifinta ba ta da kowa sai mahaifiyarta Danica, da rediyo, da agogon bango. In ta dawo gida, maganar da take ji ba ta wuce "kin sayo burodi?" ba. Kusurwar allon nan, tafin hannu biyu ba ta fi ba, nan ne kaɗai ake tambayarta me take tunani.

Da ta ga abin ya yi nisa, sai ta gayyace shi cin abincin Lahadi. Ƙarfe ɗaya aka ce.

Ya zo uku saura kwata, da fure a hannu.

Danica ta ajiye masa miyar wake da kabeji da ta riga ta daskare.

"Kai ne mai cewa babu lokaci?"

"Ba haka ba ne daidai, Mama, abin da nake nufi..."

"Na ga alama. Ci, kafin ta koma dutse."

Bayan ya tafi ta dubi 'yarta.

"Wanda ya makara a gaban tukunya zai makara a gaban limamin coci."

"Mama, yana da kirki..."

"Kirki! Ke mai wanke masa shara ce, Nives. Irinsu sukan yi wasa da mai tsintsiya, su auri mai tabarau. In kin sauka bakin teku kuma, ni wa zai rufe min ido?"

Mai tabarau kuwa tana nan. Dakta Ludovica, abokiyar aikinsa, mai dogayen farata da jan lalle na kanti, mai makullin ofishinsa a jaka. Sau ɗaya suka yi kiciɓis da Nives a matakala.

"Ke ce mai rubutu a allon Tullio?"

"Ni ce."

"Rubutunki da kyau. Kamar na 'yan aji uku."

Ranar wata Alhamis ta watan Oktoba, Nives ta tarar da wannan:

"An kira ni aiki Kanada, ni da Ludovica. Litinin ne tafiyar. Gobe zan tambaye ki wani abu, zuciyata. Ki zo da wuri."

Zuciyata!

Bai taɓa rubuta wannan ba. Ta rasa me za ta ce, sai ta zana masa ƙaramin kunne, wato tana saurare.

Juma'a ta shiga tun shida saura. Ta kunna fitila, ta nufi kusurwar.

Babu komai.

An rubuta wani abu, an kuma shafe shi da busasshen hannu, sai farin dusu-dusun alli.

Ta zauna a kujerarsa, bokiti a gabanta. Wato ya rubuta, ya sake tunani, ya janye. Maganar Mama ta fito. Ba ta ɗauki alli ba. Ta share ƙasa, ta wanke kofin, ta ja ƙofa.

Litinin ya tafi.

Aka mayar da ofishin ɗakin ajiyar tsofaffin takardu. Allon yana nan, don a samansa ya bar "kada a goge" saboda lissafinsa. Nives ba ta ƙara kai masa ruwa ba, har kusurwar. Iskar hunturu da suke kira bora ta zo ta yi ta dukan tagogi, ta wuce. Kullum ƙarfe shida takan buɗe ɗakin, ta tsaya kaɗan, ta rufe. Ta rame. Danica tana gani, tana ƙara mata miya.

Wata takwas.

Ranar wata Asabar ta ga fuskarsa a tagar kantin littattafai. Littafin ya fito, kuma marubucin zai zo ranar Laraba ya yi magana a gidan gahawa. Ta saya. Ta karanta a tarago, ta tsallake inda ya yi mata nauyi, har ta kai inda yake bayanin abin da ya raba jiya da gobe. Wai sawu ne kawai. Jiya tana barin sawu, gobe ba ta da shi.

A ƙasa ya ƙara da cewa:

"Na taɓa rubuta tambaya a allo, na ce in amsar a'a ce a goge. Da na dawo na tarar an goge. Na buga waya gidansu, aka ce ta ce in ƙyale ta. Ban taɓa samun amsa mai tsabta irin wannan ba."

Nives ta wuce tasharsu ba ta sani ba.

"Mama! Ya bugo waya?"

Danica ta ci gaba da yankan albasa.

"Mutane da yawa suna bugo waya."

"Mama..."

"Sau uku." Ta ajiye wuƙar. "Na ce gara ki yi kukan wata ɗaya da ki yi na shekara talatin. Ban san kukan naki ba ya ƙarewa ba."

Litinin da asuba Nives ta shiga ɗakin da tocila. Duk mai shara ta san wannan: ruwa ne kaɗai yake kashe alli. Busasshen hannu sai dai ya kwantar da shi. Ta kashe fitilar ɗakin, ta manna tocilar a gefen allon, hasken ya kwanta a kansa.

Rubutun ya taso, fari-fari kamar hayaƙi.

"Nives, ki ce in zauna, in zauna. Ki sauko bakin teku mu tsufa da agogo ɗaya. In a'a ne, ki goge."

A kan rubutun kuma, ga sawun yatsu huɗu, da karce siri-siri irin na dogon farce.

Mutum da digiri uku, zai nemi aure a allo, ya manta bai rubuta kada a goge ba. Karo na biyu ke nan!

Laraba gidan gahawar ya cika. Tullio ya yi furfura a gefen kunne. Ludovica tana kusa da shi tana jera littattafai. Da aka ce masu tambaya, Nives ta ɗaga hannu daga can baya.

Ya gan ta. Ruwan da ke hannunsa ya zube a wando.

"Dakta, ni mai shara ce, tambayata ƙarama ce. Allon da aka goge maka... a jiƙe ka same shi ko a bushe?"

Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

"A... a bushe. Da dusu-dusu."

"Shekara ɗaya ina wanke maka kusurwar nan. Ka taɓa ganin na bar dusu-dusu?"

Ya girgiza kai.

Ta ɗaga hannuwanta biyu, faratan a yanke ƙurmus, fatar ta ci sabulu.

"Wanda ya yi maka aikin yana tsoron ruwa ya ɓata masa lalle."

Ludovica ta sauke hannunta ƙarƙashin tebur. Tullio ya bi hannun da kallo, ya daɗe yana kallo.

"Nives... to mene ne amsar?"

"Ba a nan aka yi tambayar ba. Gobe, ƙarfe shida. In ka makara, ina da soso."

Ta juya ta fita.

Da asuba Danica ce ta tashe ta, ta miƙa mata gyale.

"Ba zai zo ba. Amma ki rufe wuyanki."

Shida saura kwata ta hau matakala da bokitinta. Ta sha kwana...

Yana zaune a ƙasa, ya jingina da ƙofar, rigarsa a birkice, ido jawur. Mai gadi ya ce tun biyar yake nan.

Ta buɗe. Suka shiga tare. Ta haska masa allon ya ga rubutunsa, ya ga yatsun. Sannan ta ɗauki guntun alli, a ƙarƙashin tambayar ta rubuta:

"Zauna."

Ya karɓi allin daga hannunta, ya zagaye kusurwar duka, ya rubuta da manyan baƙaƙe abin da ya kamata ya rubuta tun farko.

"Ka ce babu yanzu da ya haɗa mutum biyu," in ji ta.

"Zan gyara a bugu na biyu, 'yar kan tudu."

"Ka fara gyara rigarka. Lahadi ƙarfe ɗaya, Mama tana jira."

Ya isa sha biyu da rabi. Danica ta leƙo ta taga, ta dubi agogon bango, ta ce miya ba ta nuna ba, ya jira a waje.