Addar Yaay Tening

"Nyilan, ki goge hoton nan!"

Ban ko ɗago ba. Ina durƙushe a bakin ruwa ina wanke laka daga cikin kayak, ɗan siririn kwalekwalen nan na masu yawon buɗe ido, baƙi shida na can ƙarƙashin rumfa suna kokawa da rigunan ruwa.

"Da ke nake, Nyilan Sarr!"

"Na ji ka, Biram. Duk tsibirin nan ya ji ka."

"Uwata ce fa!"

"Na san uwarka ce. Su itatuwan ba su da mai tsaya musu ko?"

Ya zo ya tsaya a kaina, inuwarsa ta rufe ni. Shekara biyu ke nan muna wannan aiki tare, ni da Biram Ndong. Ni na dawo daga Dakar da takardar karatun muhalli, shi kuma babu bolon ɗin da bai sani ba a cikin kurmin ruwan nan na Salum, tun yana yaro yake ratsa waɗannan ƙoramu. Muna da kayak takwas da faifai biyu irin wanda ake tuƙawa a tsaye. Mu shiga da baƙi in ruwa ya ciko, mu fito da su kafin ya janye, awa biyu cif. An sa ranar aurenmu bayan damina.

Abin da baƙi suka fi so shi ne Ƙofar Mata, wata siririyar hanya da rassa suka haɗe a samanta. In ka ratsa ta sai ka ɓulla bayan kurmi. Can ne na fara ganin ɓarnar. Fili ya buɗe inda da duhu ne, kututture ko'ina. Daga kan kayak na ƙirga arba'in da ɗaya.

Na yi magana a taron gari, aka ce Allah Ya kyauta. Na sake yi, aka miƙo min ataya, shayin nan namu. Wannan "Allah Ya kyauta" ɗin ita ce za ta cinye tsibirin nan! Ranar da ruwan gishiri zai shigo gonakin shinkafa, ita za su tare shi da ita?

Sai kwana ɗaya kafin wannan rigimar na ga wata mata a bakin Ƙofar Mata ta ɗaga adda tana saran saiwa. Na ɗauke ta hoto ta baya, na sa a shafinmu na intanet, na rubuta: *Ga masu kashe mana kurmi.* Fuskarta ba ta fito ba, amma shuɗin ɗankwalin nan har awaki sun san na Yaay Tening ne (yaay a wurinmu uwa ke nan), shugabar mata masu ɓamɓaro kawa, wannan naman ruwa mai ɓawo, daga saiwoyi, mahaifiyar Biram.

"Zuciyata..." ya sassauta murya. "Don Allah. Akwai abin da ba ki sani ba."

"To faɗa min."

Ya kawar da kai.

"Ka gani? Halinku ke nan! Kowa da abin da ya sani, babu mai buɗe baki. Idona ya ga adda, idona ya ga kututture. Me ya rage?"

"Ba za ki goge ba?"

"Ba zan goge ba."

Ya zare rigar ruwansa ya ajiye a kan kayak a hankali, ya jingina filafilinsa.

"To Malama, ki kai baƙinki."

Bayan kwana uku jami'in gandun daji ya sauko daga kwalekwale mai inji da hoton a wayarsa. A gindin kuka, gaban maza da mata, ya karɓe addar Yaay Tening, ya ce daga yau mace ba ta ƙara shiga kurmi da abin da ya wuce wuƙa. Addar nan ta uwarta ce, ƙotar ta yi santsi saboda hannu. Da hannu biyu ta miƙa. Ko dubana ba ta yi ba.

A gida mahaifiyata kamar ta cinye ni.

"Surukarki, Nyilan! Da wane ido za ki shiga gidanta? Tashi mu je ki durƙusa!"

"Yaay, ban yi ƙarya ba."

"Karatun nan dai ya cire miki kunya!"

Baba ne ya raba mu. Yana cin cebu jen, shinkafar nan da kifi, bai ɗago daga kwanon ba ya ce, "Ƙyale ta, Mossan. Kin yi daidai, 'yata."

Wallahi har ƙwalla na yi don daɗi. Na ce a raina, ga mutum ɗaya mai gaskiya a tsibirin nan.

Damina ta sauka, baƙi suka ɗauke ƙafa, mata suka rufe kurmi kamar kowace shekara don kawa ta girma. Wata biyar Biram bai tako gidanmu ba. In mun haɗu a kan hanya sai ya ce "Sarr," in ce "Ndong," kowa ya wuce kamar maƙwabtan da suka yi rigimar iyaka. Daga gidansu ba a aiko an fasa ba, ba a kuma aiko ana nan ba. Atamfar da na ɗinka tana cikin akwati. Wani lokacin in fito da ita in kalla, in mayar, in ƙara jin haushinsa.

Ranar da baƙin farko suka dawo, ni kaɗai na ja su, biyar a kayak, wata Baturiya mai jan gashi a kan faifai. Mun ɗan makara, ruwa ya fara juyawa, amma na san hanyata.

Ko rabin Ƙofar Mata ba mu ci ba na ga abin da ban taɓa gani ba. Hanyar ta toshe. Sababbin saiwoyi sun sauko daga rassa sun caki laka ta dama da hagu sun sarƙe, ga wani reshe da iskar damina ta karya ya gitta. Wurin ya matse, kayak ba ya juyuwa. Na ce su ja da baya, na farko ya daki na biyu, na biyu ya daki faifai, Baturiyar ta faɗa. Ta miƙe tana ihu, ɓawon kawa ya tsarge mata sangali, jini na bin ruwa.

Ruwan kuwa tafiya yake. Laka ta fara leƙowa.

Na kira lambar Biram. Babu layi a cikin kurmi, na sani, amma na kira sau uku.

Can na ji waƙa da ƙarar filafili. Mata ne, ranar aka buɗe musu kurmi. Kwalekwalen farko ya tsaya a bayanmu, shuɗin ɗankwali a gaba.

Yaay Tening ta dubi saiwoyin, ta dubi jinin, sannan a karo na farko cikin wata biyar ta dube ni.

"A'a! Malamar Dakar ce? Ki karanta wa saiwar takardarki mana, ko ta matsa."

Matan suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Ko ki ɗauke ta hoto!"

Amma kafin dariyar ta mutu tsohuwar nan ta dira cikin laka har ƙugu. Ta yagi gefen zaninta ta ɗaure ƙafar Baturiyar tamau tana ce mata, "Yi shiru, 'yar nan, ba a mutuwa da wannan," ita kuwa kamar ta ji, ta yi shiru. Mata huɗu suka riƙa jan kayak ɗin da baya ɗaya bayan ɗaya. Inda saiwa ta riƙe, da 'yar wuƙa da hannu Yaay Tening ta yi ta fama, har tafinta ya tsattsage.

Da aka ɗora baƙin a babban kwalekwale aka nufi asibitin gari da su, ta riƙo hannuna.

"Ke tsaya. Kina tsammani Allah ne Ya yi wa hanyar nan aski? Uwata ta share ta, ni na share ta shekara arba'in. Ɗanyar saiwar da ta leƙo kan hanya kaɗai nake datsewa, kafin ta taɓa ƙasa. Itace bai taɓa mutuwa a hannuna ba. Sauko."

"Cikin laka?"

"A'a, cikin mota. Sauko na ce!"

Na sauka. Shekara biyu ina nuna wa Turawa kurmin nan, ƙafata ba ta taɓa shiga lakarsa ba. Ta ja ni ta gefe har wurin kututturan, ruwa ya janye sun fito sarai.

"Shafa nan."

Na shafa. Sumul yake, a kwance kamar teburi.

"Adda ce ta yi wannan?"

"...Zarto ne."

"Mace mai neman kawa me za ta yi da gungume? Murhun bandar kifi nawa ne a tsibirin nan?"

"Uku."

"Na wa?"

Murhu uku, duka na Waly Sarr. Baba. Hayaƙinsu na tashi tun ina goye, da kuɗin kifin aka kai ni Dakar. Kullum ina ganin itace jibge a bayan gida, ban taɓa tambayar daga ina yake ba. *Kin yi daidai, 'yata.*

"Kowa ya sani?"

"Ban da ke."

"Me ya sa ba ki faɗa ba a gindin kuka? An wulaƙanta ki, kina tsaye!"

"In tona asirin mutumin da ɗana ke neman 'yarsa? Haba, Nyilan."

Na fashe da kuka, amma kukan haushi ne. Kunya! Kawaici! Itace arba'in da ɗaya sun tafi, tsohuwa ta sha zagi, kowa yana kare fuskar wani!

A mashigi na tarar da Biram, ya ji labari ya taho a guje ko takalmi babu. Ya dudduba ni sama da ƙasa.

"Kin ji ciwo? Nyilan, yi magana!"

"Ka sani?"

Ya sunkuyar da kai.

"Wata biyar, Biram! Ka bar ni ina yawo da ƙarya a baki!"

"Da wane baki zan ce miki mahaifinki ne? Ke da in an ambaci sunansa kike washe baki? Gara ki tsane ni."

"To na tsane ka!"

"Na gode. Zauna dai in wanke miki ƙafa, ta yanke."

Na zauna. Ina ta masifa yana zuba ruwa.

Da yamma na sami Baba a wurin murhu. Na durƙusa yadda aka koya min.

"Baba, na ga sarar zarto."

Ya ci gaba da juya kifi.

"Ranar Juma'a akwai taro. Ka faɗa da bakinka, ka wanke Yaay Tening. Akwai murhun da ba ya cin rabin wannan itace, na san inda ake gina shi, zan..."

"Da hayaƙin nan kika yi karatun da kike min wa'azi da shi."

"Na sani, Baba. Shi ya sa ba zan iya shiru ba."

"To in kin buɗe baki, ki nemi wani uban."

Juma'a ta zo. Na jira har aka kusa shafa fatiha, idona na kansa, nasa na kan carbi. Mahaifiyata na min alama da ido in zauna. Na miƙe.

Na ce ni Nyilan Sarr na yi wa Yaay Tening ƙazafi, na ga adda na yanke hukunci ban sauka na duba ba. Na ce kututturan sarar zarto ce, itacen kuma a bayan gidanmu yake. Na ce duk wanda ke zaune a nan ya sani, kuma shirunku ya fi zarton ɓarna. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe.

Babu wanda ya ce Allah Ya kyauta. Baba ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita.

Sau uku na ƙetare ruwa zuwa ofishin gandun daji kafin su ba ni addar, suka kuma janye dokar. Na naɗe ta a cikin atamfar aurena, na kai gidansu Biram, na zube a gaban Yaay Tening.

"Yaay, ki yafe min."

Ta warware, ta shafa ƙotar, ta daɗe. Sannan ta ɗora min ita a cinya.

"Hannuna bai warke ba. Gobe in ruwa ya janye ki same ni a Ƙofar Mata, in nuna miki wadda ake sara da wadda ake bari. Matar ɗana ce ke gadonta dama. Amma wallahi kika zo min da waya sai na jefa ta a bolon!"

An ɗaura aure bayan sati uku. Baba bai zo ba, ƙaninsa ya wakilta. Ina cikin mayafi ina jin guɗa, hawaye na zuba, mata na cewa amarya na kukan barin gida. Ba su yi ƙarya ba.

Har yau in na gaida Baba ba ya amsawa. Kullum da safe sai na tsaya a ƙofarsa na gaishe shi, sannan in wuce bakin ruwa.

Jiya muna fitowa da baƙi daga Ƙofar Mata, Biram ya matso da kayak ɗinsa jikin nawa, ya nuna min sama da haɓa.

"Zuciyata, dubi wajen gidanku."

Na duba. Hayaƙin murhu ɗaya ne ke tashi, ba uku ba.

"Saura ɗaya," na ce, ina share ido da bayan hannu.

Ya yi dariya har filafilinsa ya kusa suɓucewa. "Ke dai ba kya ƙoshi, Malama!"

"Ba na ƙoshi. Tuƙa mu je, ruwa na janyewa."