Benen Da Aka Sa Wa Sunan Evanthia

Ranar da Evanthia ta fara ganin Lefteris, tsaye yake a ƙofar gidan burodinsu da ke garin Kavala, ruwan sama ya jiƙa shi sharkaf. Sabon akanta ne da mahaifinta, Anestis, ya kira, domin kasuwa ta mutu a lokacin, haraji kuwa bai san da haka ba. Ta miƙa masa tawul, ya karɓa ya tsaya kallonta har ya manta abin da ake yi da tawul.

Shawarar da ya ba tsohon ita ce wadda kowane uba a garin ke bi: ya mayar da benensu mai hawa uku da sunan 'yarsa tun yana raye, kada harajin gado ya haɗiye shi. Anestis ya sa hannu yana gunaguni.

Aiki ya ƙare, amma zuwan Lefteris bai ƙare ba.

"Zumata, na bi ta layinku, ƙamshin burodi ya hana ni aiki. Ko na mai burodin ne?" ya rubuto mata.

"Sarkin lissafi, ka rage zaƙin baki. Ka biyo da yamma, na ajiye maka mai riɗi."

Sai dai akwai Fotis, mai sayen tsofaffin gidaje yana gyara wa 'yan yawon buɗe ido. Ya daɗe yana neman aurenta, ita kuwa ko inuwarsa ba ta son gani. Shi ne ya tare Anestis a wurin shan gahawa.

"Dattijo, an yi maka wayo. Yaro ya sa ka damƙa wa yarinya gida, yanzu zai kwashe su duka biyun."

Maganar ta shiga tsohon har ƙashi. Da Lefteris ya zo neman izini, ko kujera bai ba shi ba.

"Ashe kai ɓarawo ne mai biro! Fita, kuma ka manta da albarkata."

"Baba, wallahi ba don gida..."

"Ni ba babanka ba ne!"

Labari ya zaga gari, masu shaguna suka janye aikinsu daga hannun Lefteris. Evanthia ta rame, ga tausayin masoyi, ga tsoron yin aure ba da albarkar uban da ya raine ta shi kaɗai ba. Ita ma, a gaskiya, zargin ya taɓa zuciyarta, har ta daina ɗaga wayarsa. Sai ga saƙo:

"Zumata, ki mayar masa da gidansa. Amma ki sani, mayarwar za ta jawo haraji mai nauyi, kuma ni na jawo muku. Ke nake so, ko a ɗakin haya ne."

Ta karanta ta fashe da kuka, don kunyar zargin da ta yi masa.

Washegari ta sami mahaifinta a bakin tanda. "Baba, ka karɓi gidanka."

"Na karɓa," ya ce, don taurin kai ne da shi kamar busasshen burodi. "Mu ga ko zai sake leƙowa."

Aka mayar. Harajin da aka gudu ya dawo da ƙannensa, har sai da Anestis ya sayar da tandar da ya gada, ya rufe gidan burodin. Fotis kuwa tun daga ranar da gida ya bar hannun Evanthia bai ƙara ambaton aure ba. Da ya dawo, gidan ya zo tayawa a wulaƙance. Anestis ya kore shi, ya koma hawa na tsakiya ya zauna shi kaɗai, ya daina magana da kowa.

Lefteris kuwa bai fasa neman Evanthia ba, har suka sa ranar aure ba da albarkar tsohon ba. Ranar ɗaurin aure yana tsaye a ƙofar coci da furanni, mutane ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Evanthia ta taho ita kaɗai, babu uban da zai miƙa ta kamar yadda aka saba. Tana dab da matakala ta ji an riƙo hannunta. Anestis ne, ya tsufa ƙwarai, kwat ɗinsa ta yi masa yawa.

Ya kai ta har gaban ango, ya kasa haɗa ido da shi.

"Hawa na sama babu kowa," ya ce. "In kun ga dama."

"Za mu zo, Baba," in ji Lefteris. "Amma haya za mu riƙa biya."

Tsohon ya buɗe baki zai yi faɗa, sai hawaye suka riga shi. Ya ɗora hannun 'yarsa a cikin na Lefteris, ya danne su da nasa biyun.

"Na rasa tandar ubana kafin na gane ka, ɗana. Ka yafe mini. Allah ya raya ku, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana fiye da kakansu."