Abin da Mukhtari Ya Tono a Lambu

Duk wanda ya daɗe a Morris Heights, unguwarmu ta 'yan ci-rani a ƙasar Turawa, ya san lambun da ke bayan layinmu. Fili ne mai faɗi, ga itatuwa ga ciyawa. In zafi ya shigo, mutanenmu kan shuka yakuwa da kuɓewa da alayyafo a gefe. Ni ba ni da kowa a garin nan, in na tashi aiki can nake zuwa in zauna har iska ta yi sanyi.

Akwai abin da ba ma faɗa wa baƙo. In an yi haihuwa cibiyar jariri ta faɗi, ba inda za a binne ta a gidan bene. Sai uba ya naɗe ta a ƙyalle, ya kawo lambu ya binne a gindin itace. Yaran da cibiyarsu ke wurin sun fi arba'in.

Wata rana aka liƙa takarda a shinge, wai wani kamfani zai gina gidaje ɗari huɗu a filin. Muka ce ba mu yarda ba. Muka zaɓi Mukhtari ya yi magana da yawunmu ranar da hukuma za ta saurari jama'a, don ya fi mu Turanci. Direban tasi ne, yana da mata, Nuriyya, da yara biyu, Ikram da Abdul-Jalil. Ba mugu ba ne, sai dai idonsa kullum yana kan na wasu.

Mutanen kamfani suka ja shi gefe. Suka ce in surutu ya mutu, kwangilar kwasar ƙasa da ta gadi duk tasa ce. Ya san mutanenmu ba sa shiru da lallashi, sai ya nemi boka.

Shi da bakinsa ya ba ni labarin daga baya. A unguwar Flatbush bokan yake, ya je ya same shi ƙarƙashin wani shagon taya, da rana tsaka. Ɗakin ba taga. Ga tukunya an ɗaure mata baki da jan ƙyalle, ga kwaɗuna sun fi ɗari rataye a igiya, kowanne a kulle. Wurin na warin tsohon jini. Bokan siririn tsoho ne, zaune kan buzun baƙin bunsuru, ko ɗago kai bai yi ba.

"Bakin mutum nawa za a rufe?"

"Unguwa guda, Baba."

"Baki ba wuya. Ƙasar ce ba za ta saku ba, akwai abin da ya riƙe ta. Me kuka binne a ciki?"

Mukhtari ya faɗa masa.

"Tono mini na 'ya'yanka."

"Haba Baba. In kawo rago mana, ko sa."

"Ragon ne zai ci kwangilar?"

"To ɗaya."

"Nawa ka binne?"

"Biyu."

"Biyun."

Mukhtari ya ce, "Me zai same su?"

"Tambaya ta kawo ka ko neman arziki? Busasshiyar fata ce. In ba ta da amfani a wurinka, kawo. In tana da shi, ga ƙofa."

Washegari da safe na sami Mukhtari a lambu durƙushe a gindin itace da ƙaramar fartanya. Na ce, "Yaya Mukhtari, yau kai ne da noma?" Ya ce tana yake nema, za shi kamun kifi. Na ce, "Kai da ko wanke kifi ba ka iya ba?" Ya yi dariya, amma bai dube ni ba.

Ranar zaman, ɗakin taro ya cika. Hajiya Raudatu, 'yar Maraɗi da ba a kayar da ita a magana, ta miƙe ta buɗe baki, shiru. Ta dafe maƙogwaro ta koma ta zauna. Ni ma na ji harshena ya yi nauyi kamar dutse. Mukhtari ya tashi ya ce unguwa ta amince.

Kafin shekara ya ajiye tasi. Manyan motoci shida, ma'aikata, gida a wajen gari. Ya daina zuwa masallacinmu, mu ma muka daina kiransa.

Ranar da motar rushe-rushe ta tumɓuke itacen farko, Abdul-Jalil ya faɗi a makaranta yana riƙe da ciki. Likitoci ba su ga komai ba. Kwana uku ya rasu. Ranar da aka zuba kankaren tushen gini, Ikram ta ce wa uwarta, "Mama, ana ja na ta nan," ta nuna cibiyarta. Ba ta kai la'asar ba.

Mukhtari ya rusa kuka ya faɗa wa Nuriyya gaskiya. Da safe aka gan ta bakin titi tana tona tukwanen furanni da farce, tana kiran sunayen yaran. Har yau tana asibitin masu taɓin hankali. Mukhtari ya koma Flatbush, ya tarar da ɗakin bokan wayam, sai igiya. Mota ɗaya ta ƙone, sauran aka sayar, gidan ma ya tafi.

Ginin yana nan, hawa goma sha biyu. Mutane sun samu wurin kwana, ban ce ba su buƙata ba. Kullum Mukhtari na zaune a bakin ƙofar ginin, cikin rigar sanyi ko da zafi ake. Masu shiga ba su san shi ba, wani ya jefa masa dala. Mutanenmu kan tsallaka titi. Ni nakan kai masa shayi, in zauna kusa da shi.

'Yan'uwa, ku ji tsoron Allah. Arzikin da aka ce kada ka tambayi farashinsa, ka gudu. Boka ba ya neman abin banza. Duk abin da ya ce ba shi da amfani, to shi ne ranka.