Babin da Ya Ƙi Hawa

Ana gab da magariba aka jefo dutsen farko a kan kwanon gidan. Maigidan, tsohon malamin kimiyya wanda abokansa ke tsokana da Farfesa, bai ko ɗago kai daga jaridarsa ba. Ya shaida wa matarsa cewa ƙarfe ne, in ya sha rana ya miƙe, in ya huce ya tsuke. Ta ce ta ji, sai dai ba ta taɓa ganin kwanon da ya tsuke ya gangaro da tsakuwa tsakar gida ba.

A falo 'yarsu Auta na gaban kwamfuta, inda take tun safe. Ta daɗe tana rubuta wani wasan tebur, irin wanda mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, abin da zai same shi kuma ƙwayar ludo ce ke yankewa. Ta zana taswira, ta tsara dokoki, ta yi ta gwada shi a teburin cin abinci da yayanta Dogo da wata ƙawarta da ɗan kawunta, kafin aiki ya ɗauke ɗan kawun zuwa wani gari. Saura kawai ta ɗora shi a shafin da masu irin wannan wasa ke ɗora nasu. Shi ne ya gagara.

Da farko shafin ya ce fayil ɗin ya yi nauyi, ta rage hotuna. Ya ce bangon littafin wasan bai yi daidai da awonsu ba, ta sake yanka. Dogo ya ce ta cire haruffa masu lanƙwasa daga sunan fayil ɗin, ta cire. Ta canja sabis, ta ari kwamfutar maƙwabta. Kullum ɗan layin nan shuɗi sai ya yi ta cika har ya kusa ƙarshe, ya tsaya cak, kamar wanda aka dafa wa kafaɗa.

Farfesa bai fahimci wasan ba, amma ya fahimci gwaji. Ya sa ta raba littafin biyu. Rabin farko ya hau lafiya lau. Suka yi ta raba na biyun har ya rage babi ɗaya, wanda wani jarumi, maƙeri mai ido ɗaya, ke faɗawa daga kan gada ya mutu. Shi kaɗai ya ƙi.

"To kin gani," in ji shi, cike da jin daɗi. "Akwai hoton da ya lalace a ciki."

"Baba, babu hoto a babin nan."

Washegari jifan ya dawo a lokacinsa, washegarin ma haka. Dogo ya zagaye bayan gida da tocila bai ga kowa ba. Uwar ta daina barin ƙofa a buɗe. Gidan ya koma na mutanen da ke magana ƙasa-ƙasa, kowa na shiga ɗaki ya fito ba tare da ya tuna abin da ya kai shi ba. Wata yamma kuma, falon babu kowa, Farfesa da kunnensa ya ji an ce daga wajen teburin, "Saura ni." Ya je ya duba rediyo. A kashe take. Ya duba ta sau da yawa a daren.

Sannan Auta ta daina ci, ta daina amsa kira. Takan zauna a kujerar gefen taga, wadda ba tata ba, idonta na hagu a rufe ruf, tana mirgina ƙwayar ludo a kan tebur. Likita ya duba ya ce gajiya ce. Farfesa ya yarda da likita, kamar yadda ya saba. Amma da ya kira ta da sunan da yake kiran ta tun tana goye, ta kalle shi da idon nan ɗaya, kallon da ake wa baƙon da ya ɓata hanya, sai ya fita waje ya tsaya a jikin bango ya daɗe. Da ya dawo, shi da kansa ya ce a kira Alaramma, malamin ruƙiyya, wanda suka yi aji ɗaya a sakandare suka rabu a kan kusan komai.

"Farfesa, yau kwanon ne ya tsuke har ka neme ni?"

"Ka duba min yarinyar."

Alaramma bai ƙara tsokana ba. Ya zauna nesa kaɗan da ita, ya fara karatu a hankali. Hasken taga na raguwa. Can jikinta ya ɗau rawa, wata murya mai kauri ta fito daga bakinta.

"Ya isa, malam. Ba kurma ba ne ni."

"Wane ne kai? Me ka zo nema a gidan mutane?"

"Kira na aka yi. Tambayi dogon can."

Dogo ya matso kusa. Ya ce da ɗan kawu ya tafi, ba su so cire maƙerinsa daga labarin ba. In layi ya zo kansa sai Auta ta dubi kujerarsa ta gefen taga ta ce, "Mai maƙeri, saura kai," a mirgina masa ƙwayar. Raha ce kawai.

"Kowace yamma," in ji muryar. "Wucewa nake yi, na ji ana kira, ba mai amsawa. Na zauna. Ni na fitar da su daga kogo. Ni na ceci wannan dogon daga bakin kura. Sai aka kai ni gada aka jefar, yanzu kuma za a ɗora duniya ta karanta."

"Labari ne," in ji Alaramma. "Fita daga jikinta, ba ka da haƙƙi a nan."

"A goge babin, in fita."

Farfesa har ya miƙa hannu ga kwamfutar. Zai goge littafin duka, da taswirarsa, in dai za ta dawo. Sai idon hagun nan ya motsa, wata siririyar murya ta kutso ta ƙarƙashin mai kaurin.

"Ba za a goge ba. Ɗaya ƙwayar ta ba shi a kan gadar. Doka ce."

Farfesa ya zauna a ƙasa. Duk duniya mutum ɗaya ya sani da zai yi gardamar doka a irin wannan hali.

"Kin girgiza teburin!" in ji muryar.

"Ban girgiza ba!"

Alaramma ya ce a tsawon aikinsa bai taɓa raba irin wannan faɗa ba, kuma ba za a jefa ƙwaya a gabansa ba. Ya ci gaba da karatu, muryar na ihu tana rage buƙata. Daga a goge babin ta koma a bar maƙerin ya kama igiya. Auta ta ce babu igiya a gadar.

"To a ce ya faɗi," in ji Farfesa daga inda yake zaune, "amma ba a ga gawarsa ba."

Duk suka juya ga Auta.

"Wannan bai saɓa doka ba," in ji Auta.

"A rubuta ina gani."

Farfesa ya rubuta da yatsa ɗaya. Alaramma ya karɓi alkawarin ba dawowa, ya umarci mai muryar ya fita ta yatsan ƙafa. Ƙafar ta yi karkarwa, ta lafa. Auta ta buɗe ido biyu, ta ce tana jin yunwa, uwar ta fashe da kuka ta nufi kicin.

Kafin a kawo abincin ta sake tura littafin. Layin ya cika har ƙarshe. Farfesa ya ce dama da yamma sabis ya fi ƙarfi, Alaramma ya ce haka ne. Auta ta karanta jimlar da uban ya rubuta, ta yamutsa fuska.

"Baba, yanzu fa kowa zai jira ya dawo a littafi na biyu."

"Babu littafi na biyu," in ji maza ukun a tare.